Lamba 4 gaggawa ce ko a'a? Yadda ake auna bayanin da ake rubuta wa ƴan aiken IA

Duk mai amfani da Todoist, ɗaya daga cikin manhajojin da ma'aikata ke rubuta ayyukansu a ciki, ya san jar tuta. Aikin da ya fi kowane gaggawa shi ake ba lamba 1, kuma shi ke fitowa da ja a fuskar salula. Sai dai manhajar tana da wata ƙofar baya wadda mutum ba ya gani, inda wasu manhajoji ke shiga su yi magana da ita, kuma a can an juya lissafin: lamba 4 ce gaggawa, lamba 1 kuwa aiki ne na yau da kullum. A wata manhajar mai irin wannan aiki, Linear, lamba 1 ce gaggawa, 4 kuma ita ce ta can ƙasa.

A ɗauka shugaban wani proje ya ce wa mataimakinsa na ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa IA a Faransanci: "Sa rahoton kuɗi na wata uku cikin ayyukan gaggawa." Mataimakin ba ya ganin tuta, ja ko fara. Ta ƙofar baya yake bi, kuma dole ya aika lamba. Idan abin da aka rubuta masa shi ne kawai "matsayin aiki, daga 1 zuwa 4", sai ya yi canke. In ya aika 1 ga Todoist, manhajar za ta karɓa ba gardama, rahoton ya kwanta cikin ayyukan da ba a damu da su ba, shi kuma ya dawo ya ce an gama. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Sai ranar da masu ba da kuɗi suka tambayi rahoto za a gane.

Irin wannan ɓarna marar ƙara ce ta sa a yanzu ake zama takanas ana auna bayanin da ake rubuta wa waɗannan mataimaka, jimla bayan jimla, kamar yadda ake duba takardar jarrabawa.

Ɗan aike da gishe

Manhajojin tsara aiki sun daɗe. Jira ta kamfanin Atlassian na ƙasar Ostareliya ta fito a 2002. An kafa Asana a 2008, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta kuwa shi ne Dustin Moskovitz, wanda da shi aka fara Facebook. Trello, mai allo da katuna, Atlassian ta saye ta a 2017. Aikinsu guda ne: wane aiki, wa zai yi, yaushe za a gama, ina aka kwana. Ma'aikacin da ke hulɗa da abokan aiki na waje, a ƙungiya mai zaman kanta ko a kamfanin sadarwa, ko a Yamai yake ko a Damagaram, da wuya bai taɓa samun gayyata zuwa ɗaya daga cikinsu ba.

Sabon abu shi ne wanda ke danna maɓallan. Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, magana kawai yake yi. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da zai iya kiran wata manhaja ta aiwatar da abu. Sannan a Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna MCP, wadda ke tsara yadda kowace manhaja za ta gabatar da kanta ga IA. OpenAI ya karɓi ƙa'idar a Maris na 2025, Google ya biyo baya, kuma cikin wannan shekarar Asana da Atlassian da Linear duk suka buɗe tasu ƙofar. Daga nan mai hira ya zama ɗan aike: ana faɗa masa buƙata, shi ya je ya buɗe aiki, ya canza kwanan wata, ya ɗora wa wani, ya goge.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a tuna da gishe-gishen banki ko na magajin gari. Kowace manhaja tana jera wa ɗan aiken gishe da dama: na buɗe sabon aiki, na neman aiki, na gyara, na gogewa. A bisa ƙa'idar MCP, abu uku ne jigon kowane gishe: suna, da ɗan bayanin da aka manna a samansa, da takardar cikewa mai gurabe. Abin da ɗan aiken ke gani ke nan, ba ƙari. Bai taɓa shiga bayan kanta ba, ba ya leƙa abin da maƙwabcinsa a layi ya rubuta, kuma babu wani dattijon ma'aikaci da zai ja shi gefe ya ce masa "a nan ba haka ake yi ba". Mutum in ya ga allon gishe bai fito da ma'ana ba, yakan yi tambaya. Ɗan aiken IA ya fi karkata ga cike takardar da abin da ya ga ya fi kama da daidai.

Galibi kuma mai rubuta wannan allo injiniya ne da ya san manhajar ciki da waje, shi ya sa yake ganin kalma uku sun isa. Wanda ya san gari ba ya iya kwatance.

Abin da masu aunawa ke dubawa

Tambayar farko ita ce ko bayanin ya faɗi aikin gishen da kalmomin da suka wuce sunansa. Gishe mai suna "gyara aiki" wanda aka rubuta masa "yana gyara aiki" bai ce komai ba. Me ake iya gyarawa, take ko kwanan wata ko mai aikin? In an aika sabon jerin alamomi, ƙari za a yi a kan na da, ko za a share na da a maye gurbinsu? Jagorar Anthropic ta ce a yi ƙoƙarin rubuta aƙalla jimla uku ko huɗu ga kowane gishe. Ta OpenAI kuwa ta kawo wani gwaji mai sauƙi: a miƙa bayanin ga ɗan koyon aiki, wanda a biro ake kira stajiyer, ba tare da an ƙara masa komai ba. In ya dawo da tambayoyi, amsoshinsu ne ya kamata a ce suna cikin bayanin tun farko.

Ta biyu, wadda aka fi faɗuwa a kanta, ita ce bambanta gishe da maƙwabcinsa. A manhajojin tsara aiki akwai kalmomi uku da ke kama da juna a baki amma ba su kama a sakamako: gamawa, ajiyewa a rumbu, da gogewa. A Trello, gurbin da a Ingilishi ke nufin "rufaffe" ba ya nufin an gama aikin, yana nufin an kai katin rumbu an ɗauke shi daga allo. Ɗan aiken da aka ce wa "rufe aikin rabon iri, mun gama" zai iya cike wannan gurbi da zuciya ɗaya, katin ya ɓace wa kowa da gani alhali ba a rubuta cewa an gama ba. Gogewa ta fi haka nauyi. A Asana aikin da aka goge yana zama cikin kwandon shara kwana 30 kafin ya ɓace gaba ɗaya. A Trello katin da aka goge ya tafi ke nan. Kalma ɗaya, amma ɗaya na da gyara, ɗaya ba ta da shi. Bayanin da bai faɗi wannan ba ya bar abu mafi muhimmanci a waje, ko da sauran jimlolinsa sun yi kyau.

Akwai kuma gishen da ba a zuwa wurinsa kai tsaye. A Jira ba a canza matsayin aiki ta hanyar rubuta "an gama" a gurbi. Sai an fara tambayar waɗanne matakai ne suka halatta daga inda aikin yake, a karɓi lambar matakin, sannan a aika ta. In ba a faɗa wa ɗan aike wannan jeri ba, zai yi ta buga ƙofar da ba ta buɗuwa.

Kwanan wata da sunan mutum

A nan ne maganar ta fi shafar ofis ɗin da ke aiki da Faransanci. Wanda ya yi lakkol a Nijar in ya rubuta 03/04, 3 ga Afrilu yake nufi. Ba'amurke in ya ga wannan, 4 ga Maris ya karanta, kuma yawancin waɗannan manhajoji da rubutun da IA ta koya daga gare shi da Ingilishi suke. Bayani mai kyau yana cewa ƙarara a rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, bisa tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, ya kuma ba da misali ɗaya.

Sa'a ma tana da nata tarko. Asana na da gurbi biyu na wa'adi, ɗaya na rana kawai, ɗaya na rana da sa'a bisa agogon duniya na UTC, kuma ba a cike su tare. Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya duk shekara. Faransa kuwa tana daidai da Nijar a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da awa ɗaya. A ɗauka dosiyen neman tallafi zai rufe ranar 30 ga Yuni ƙarfe 23:59 agogon Paris, wato 22:59 a Maraɗi. In ɗan aiken ya zuba 23:59 a gurbin ba tare da ya juya shi ba, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin UTC, ta nuna wa ma'aikacin Maraɗi cewa yana da lokaci har 00:59 na 1 ga Yuli. An ba shi awa biyu da babu su. Jimla guda a cikin bayanin gishe ta isa ta hana wannan.

Sai sunaye. Manhaja ba ta san Musa ba, lambar shaida ta sani, doguwa mai haɗe da haruffa. Gurbin da aka rubuta wa "mai aiki" kawai bai faɗi ko suna ake so ba, ko adireshin imel, ko lambar. Injiniyoyin Anthropic, a wani bayani da suka fitar a Satumban 2025, sun ba da shawarar a sa wa gurbin sunan da ke nuna lambar shaida ake nema, sannan a riƙa dawo wa ɗan aike da sunaye masu ma'ana a cikin amsa, domin dogayen lambobi zalla suna sa shi ruɗewa. A ofis ɗin da ke da Moussa uku, ɗaya kuma ya yi karatu a Kano yana rubuta nasa Musa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me gishen neman mutum ke yi in ya sami fiye da ɗaya. Ya kamata bayanin ya ce a koma a tambayi mai aike. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsawo ba shi ne inganci ba

Mai karatu zai iya cewa to a rubuta komai mana, shafi guda ga kowane gishe. Nan ma akwai kuɗi. Duk bayanan gishe-gishen ana loda wa IA su ne a farkon hira, suna cin wurin da take riƙe magana a ciki, kuma kamfanoni na lissafin farashi ne da yawan guntayen kalmomin da aka karanta. Anthropic ya ba da misali a Nuwamban 2025: manhajoji biyar, gishe 58, sun cinye guntayen kalmomi kusan 55,000 kafin mutum ya ce uffan. OpenAI na ba da shawarar kada gishe su kai 20 a lokaci guda. Yawansu yana ƙara damar a je inda ba nan aka aika ba, musamman in Asana na da gishe mai suna "nema", Jira ma na da nata "nema". Maganin da ake bayarwa shi ne kowane suna ya ɗauki na manhajarsa a gaba.

Saboda haka mai aunawa yana rage maki a wuri biyu: inda aka bar abin da ake buƙata, da inda aka cika surutu. Wani lokacin ma gyaran ba a jimla yake ba, a takardar cikewa yake. Matsalar lamba 4 da aka fara da ita tana mutuwa in gurbin ya daina karɓar lamba, ya koma karɓar kalma daga zaɓi huɗu: gaggawa, babba, matsakaici, ƙarami. Anthropic ya taɓa ba da labarin irin wannan a Disamban 2024. Ɗan aikensu mai rubuta manhaja yana ta kuskuren wurin da takardu suke in ya canza ɗaki a cikin kwamfuta. Maimakon su ƙara masa gargaɗi, sai suka tilasta a rubuta cikakken adireshin takarda kowane lokaci, kuskuren ya ƙare. Sun ce a wannan aikin sun ɓata lokaci wajen gyaran gishe fiye da wajen rubuta babban umarnin.

Maki a takarda, da gwaji a fili

Hanya biyu ake bi wajen aunawa, kuma ba daraja ɗaya gare su ba. Ta farko karatu ce: a ɗauki bayanin, a bi jerin tambayoyin nan na sama, a ba da maki. Tana da arha da sauri, ana iya yi wa dubban gishe a rana guda, shi ya sa sau da yawa wata IA ake sa wa aikin. Tana kama kurakuran fili, kamar gurbin da ba a yi masa bayani ba sam. Rauninta shi ne mai karatun bai san gaskiyar abin da gishen ke yi ba. In bayanin ya ce cikin kyakkyawan lafazi lamba 1 ce gaggawa, alhali a bayan kanta 4 ce, maki zai yi sama, aiki ya lalace.

Ta biyu gwaji ne, kuma gani ya kori ji. Ana gina ofis na wasa mai ayyuka da mutane na ƙarya, a ba ɗan aike buƙatu irin na gaske, masu matakai da yawa: "Duk ayyukan Hadiza da wa'adinsu ya wuce a mayar wa mataimakinta, ban da na kuɗi, a ƙara musu mako guda." In ya gama, ba a sauraron abin da ya ce ya yi. Ana buɗe rajistar a ga ko ta koma yadda ya kamata, a ƙirga gishe nawa ya je, sau nawa aka koro shi, me ya taɓa wanda ba a aike shi ba. Sannan a canza jimla guda a bayanin a sake gwadawa.

Dole ne kuma a maimaita. Kamfanin Sierra na Amurka ya fitar da wani ma'auni mai suna tau-bench a Yunin 2024, a kan ayyukan kanti da na sayar da tikitin jirgi, inda ake duba halin rajista a ƙarshe. GPT-4o, wanda yana cikin na gaba a lokacin, bai kai rabin ayyukan ba. Da aka nemi ya ci aiki guda sau takwas a jere, a ɓangaren kanti bai kai kashi 25 cikin ɗari ba. Sababbin IA sun fi haka nesa ba kusa ba, amma darasin aunawar bai canza ba: nasara ɗaya a gaban masu kallo ba shaida ba ce.

Anthropic ya ce a Yunin 2025 ya sa wani ɗan aike ya yi ta gwada gishe mai matsala sau da dama, sannan ya sake rubuta bayaninsa da abin da ya gano, kuma waɗanda suka yi aiki da sabon bayanin sun rage kashi 40 cikin ɗari na lokacin gama aiki. Adadin na kamfanin ne da kansa, a kan nasa tsarin, ba wani ne ya auna daga waje ba. Abin lura a ciki shi ne ba a taɓa injin da ke bayan gishen ba, allon kawai aka canza.

Inda maki ba ya kaiwa

Tun da ɗan aike yana bin abin da aka rubuta a allo, wanda ya iya rubuta allon ya iya juya shi. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs da ke Zurich a ƙasar Suwizalan sun nuna haka da wani gishe da aikinsa a fili tara lambobi biyu ne kawai. A cikin bayaninsa sun ɓoye umarnin a karanto wasu takardun sirri daga kwamfutar mai amfani, a tura su ta wani gurbi, kada kuma a faɗa masa. Mutum yana ganin taƙaitaccen suna a fuskar kwamfuta, IA kuwa tana karanta duka. Sun kuma nuna yadda irin wannan dabara za ta iya fitar da tarihin saƙonnin WhatsApp ɗin mutum, da yadda gishe zai iya canza bayaninsa bayan an riga an amince da shi. Bayani mai guba zai iya zama a tsare, a bayyane, ya cika duk sharuɗɗan mai ba da maki.

Ƙa'idar MCP ta ƙara wasu alamomi a Maris na 2025 da gishe zai iya sa wa kansa: wannan karatu kawai yake yi, wannan yana iya lalata abu, wannan in an maimaita shi ba ya ƙara komai. Suna da amfani, domin da su ake sanin inda za a tsaya a nemi izinin mutum. Amma ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin cewa ishara ce kawai, kada a dogara da ita in ba a amince da wanda ya gina gishen ba. Mai gishe ne ke ba da shaidar kansa.

Akwai ma matsalar da ba ta da alaƙa da rubutu ko kaɗan. A Yunin 2025 Asana ta gano wani kuskure a sabuwar ƙofarta ta MCP, wanda zai iya sa bayanan wani ofis su bayyana ga mutanen wani ofis daban, ta rufe ƙofar kusan mako biyu tana gyara. Babu ma'aunin jimloli da zai hango wannan.

Ga ofis ɗin da ke tunanin haɗa ɗan aiken IA da allon ayyukansa, akwai abin da makin da aka manna wa manhaja ba zai faɗa masa ba. Bayanan gishe kusan duka da Ingilishi ake rubuta su, manyan gwaje-gwajen da aka ambata ma haka. Umarnin da za a bayar a Tawa ko a Maraɗi kuwa da Faransanci zai zo, ko da Hausa, ko gauraye kamar yadda ake magana a biro. "Jibi" da "gata" da "rana ita yau" duk wa'adi ne, kuma sai an gwada za a san ranar da ɗan aiken zai rubuta musu. Gwajin ba ya buƙatar injiniya: a buɗe allo na wasa, a zuba ayyuka goma sha biyar da sunaye masu kama da juna, a ba da umarni yadda ake ba sakatare, a maimaita kowane sau biyar ko shida, a riƙa duba allon da ido. Gishen gogewa kuma a bar shi a kulle, ko a sa sai ya nemi izini, har sai an ga abin da ɗan aiken ke yi in aka ce masa "rufe".